Tun ran gini, ran zane

Jama'a masu karatu, duk wanda ya taɓa sayen siminti da kuɗin aljihunsa ya san wannan abin takaici. An zuba dal, an yi yaɓe, har an shafa fenti, sai ga mai aikin pampo ya iso da gudumarsa yana neman inda tiyo zai bi, ya fasa bango. Bai gama toshe ramin ba mai aikin lantarki ya zo ya sare nasa layin. Daga baya mai kilim ya huda wani wuri, wani sa'in ma a jikin ginshiƙin da ke ɗauke da rufin. Mai gida ya biya kuɗin gini, ya biya na fasawa, ya kuma biya na gyara. In ginin na hukuma ne, sai a rubuta ƙarin yarjejeniya bisa kwangilar farko, wadda ƴan biro ke ce wa abenan, a ƙara kuɗi, a ƙara wa'adi, baitulmali ya ɗauki nauyin. Mun saba da abin har muna ganin kamar haka gini ya gada. Alhali kuwa yawancin wannan fashe-fashe daga wuri guda ya samo asali: masu zanen ginin ba su haɗu ba kafin a kwaɓa siminti.

A da ba a san wannan damuwa ba, domin kai guda ne ke riƙe da gini tun daga tushe har rufi. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, zamanin Sarki Abdulkarimu, shi ne mai zane, shi ne kuma shugaban magina. Haka nan Falke Barmu, da ya soma masallacin Yaama na jahar Tawa a 1962, masallacin da ya samu kyautar Aga Khan a 1986. Inda taga za ta kasance, inda indararo zai zubar da ruwan sama, duk suna cikin ƙwaƙwalwar gwani guda. Ginin yau kuwa jijiyoyi gare shi kamar jikin ɗan Adam: tiyon ruwan sha, tiyon ƙazamin ruwa, wayoyin lantarki, na tarho da intanet, bututun sanyaya ɗaki, kayan kashe gobara. Kowace jijiya da injiniyanta, kowane injiniya da takardar zanensa. In ka ɗauki zanen kowa shi kaɗai ba ka ganin aibi. Aibin yana fitowa ne ranar da aka ce dukkansu su shige ta cikin ɗan sararin nan da ke tsakanin dal da silin, wanda sau da yawa bai wuce rabin mita ba.

Maganin da masu sana'ar suka samo shi ne a gina ginin sau biyu, na farko cikin kwamfuta, na biyu a fili. Sunan dabarar a taƙaice BIM, masu jin Faransanci kuma maket suke cewa, wato ƙaramar siffar gini, sai dai wannan tana cikin na'ura. Bambancinta da zanen da muka sani shi ne, a zanen takarda tiyo layi ne kawai da aka ja da alƙalami, amma a cikin maket tiyo yana da kauri, yana da tsawo daga ƙasa, an san da me aka yi shi da abin da ke gudana a cikinsa. Tunanin ya daɗe. Wani malamin jami'a a Amurka, Charles Eastman, ya bayyana shi tun 1975. Kamfanin Graphisoft na ƙasar Hangari ya fito da manhajar ArchiCAD cikin shekarun 1980, sannan Revit ta fito a 2000, kamfanin Autodesk ya saye ta a 2002 kan dalar Amurka miliyan 133, ya ƙara da sayen Navisworks a 2007. Gwamnatin Ingila ta sanar a 2011 cewa daga Afrilun 2016 sai da wannan tsari za a riƙa yin gine-ginenta, kuma a 2018 aka fitar da ƙa'idar duniya mai lamba ISO 19650 game da yadda za a tafiyar da bayanan gini tsakanin masu aiki. Abin da ya tura su ga haka kuɗi ne. Hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta ƙiyasta a rahotonta na 2004 cewa rashin jituwar bayanai tsakanin masu zane, masu gini da masu gudanar da manyan gine-gine yana cin dala biliyan 15.8 a shekara a ƙasar.

Yadda aikin ke tafiya ba shi da wuyar fahimta. Mai zanen gini ya tsara bangaye da ɗakuna, injiniyan ƙarfe da kankare ya sa ginshiƙai da putur, wato ginshiƙan da ke kwance ƙarƙashin dal. Sai masu ruwa, lantarki da iska kowa ya ɗora nasa bisa wannan siffa guda. Kowa yana ganin aikin ɗan'uwansa, amma ba ya da ikon taɓa shi: mai lantarki ba zai matsar da tiyon mai pampo ba sai ya nemi izini, kamar yadda maƙwabci ba ya matsar da iyakar gona don yana gaggawa. Tun ranar farko sai an yarda da madogara guda da za a riƙa awo daga gare ta, da tsawon kowane hawa, in ba haka ba sai a haɗa zane-zanen a tarar da bututun wani yana shawagi a sama da rufi. Bayan haka a umurci na'ura ta bi ginin lungu-lungu ta fito da duk inda abu biyu suka yi karo. Karo iri biyu ne. Akwai na zahiri, inda tiyo ya ratsa cikin putur. Akwai kuma wanda ya fi shi ɓoyuwa, inda abubuwan ba su taɓa juna ba amma babu wurin da mai gyara zai sa hannu, ko ƙofar akwatin lantarki ba za ta buɗu duka ba. Wannan na biyun shi ne ke cizon mai gida bayan shekara biyar.

To amma na'ura nuna karo kawai take yi, ba ta yanke shari'a. A gwajin farko na babban gini takan fito da karo ɗaruruwa, har dubbai, mafi yawansu maimaici ne ko abin da bai kai a tsaya kansa ba. Tilas sai an samu mutum guda da zai tace su, ya kira taro, ya ce wane ka kauce, wane ka tsaya, ya rubuta sunan wanda zai gyara da ranar da zai kawo gyaran. Masu sana'ar suna da ƙa'idar fifiko, kuma ƙa'ida ce mai hankali. Tiyon ƙazamin ruwa shi ne sarki a hanya, saboda ba pampo ke tura shi ba, gangara yake bi, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Tiyo mai tsawon mita 20 ke nan yana iya sauka da santimita 40 kafin ya kai ƙarshe, kuma in aka lanƙwasa shi sama don a ba wani hanya, ranar da ya toshe kowa zai ji a hancinsa. Bayansa sai manyan bututun iska, don girmansu. Sai tiyon ruwan sha, wanda ƙarfin pampo ke iya hawar da shi ya sauko. Waya ita ce ta ƙarshe, ita ke lanƙwasuwa ta kowace fuska, ko da yake ita ma ba a son a shimfiɗa ta ƙarƙashin tiyon da zai iya yoyo. Inda kuma ya zama dole tiyo ya ratsa kankare, injiniyan ƙarfe ne ke nuna wurin, a dasa hannun riga na roba kafin a zuba. Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka lissafa masa, kuma wanda ya zo daga baya ya yanke ƙarfen da ke cikinsa ya rage wa ginin abin da fenti ba ya maidowa.

Mai karatu na iya cewa wannan zancen manyan benaye ne na Yamai, irin Babban Asibitin da aka buɗe a 2016 ko zauren taro na Mahatma Gandi na 2020, ina ruwan mutanen karkara da shi? Ni a ganina, gwargwadon nisan wuri da babban birni, gwargwadon tsadar kuskure a cikinsa. Mu ɗauki Bonkuku, cibiyar komin ta Imanan a gundumar Filinge, bisa hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi ta Balleyara ta nufi ƙasar Kurfai. Garin yana cikin Dallol Boso, inda ruwa ke kusa da ƙasa, shi ya sa noman rani ya zauna, har sunan Bonkuku ya tafi tare da dankalin turawa a kasuwannin Yamai. Ciwon manoman wurin sananne ne: dankali yana nuna kusan lokaci guda a ƙarshen sanyi, kowa ya fito da nasa, farashi ya faɗi, ga bazara tafe da zafin da ke haura digiri 40, wanda ya ce zai ajiye sai ya kwashe ruɓaɓɓe. Duk ɗan kasuwa ko ƙungiyar manoma da ta yi tunanin gina ma'ajiyar sanyi a wurin ta yi tunani mai kyau. Sai dai ma'ajiyar sanyi, duk ƙanƙantarta, tana tara dukkan jijiyoyin nan da muka lissafa cikin ɗaki biyu ko uku.

Dankali abu ne mai rai, yana numfashi a cikin buhu, yana fitar da zafi da gurɓatacciyar iska. Yana son sanyi tsakanin digiri 4 da 10 gwargwadon abin da za a yi da shi, yana son laima sama da kashi 90 cikin 100 don kada ya yanƙwane, yana son duhu domin haske na mai da shi kore. Ke nan akwai aikin mai sanyi, akwai na mai iska. Na'urar sanyi ta cikin ɗaki tana zubar da ruwa, ruwan nan yana buƙatar tiyo mai gangara, ga aikin mai pampo ya shigo. Rabinta na waje yana buƙatar inuwa da sararin shan iska, amma wurin da ya fi inuwa sau da yawa nan ne mai lantarki ya riga ya zaɓa wa injin wuta, wato gurup, wanda hayaƙinsa da zafinsa za su koma kai tsaye cikin na'urar. In da hasken rana za a yi aiki, kowane faranti ya kai kilo 20 ko fiye, a tara su da yawa bisa rufin da wanda ya lissafa ƙarfensa bai san da zuwansu ba. Batura kuma suna son ɗaki mai iska, nesa da ruwa. Abin da ya fi duka: bangon ɗakin sanyi an yi shi ne don ya tare zafi da laima, kowane rami da aka huda daga baya ƙofa ce ta zafi, kuma mai ma'ajiya zai riƙa biyan kuɗin wannan rami a gazuwal ko a takardar NIGELEC muddin ginin na tsaye. A Yamai in aka manta da wani gwiwar tiyo, yaro ake aikawa kasuwa bisa babur. A Bonkuku tafiyar fiye da kilomita 100 ce, a hanyar da ba kullum take da sauƙi ba cikin shekarun nan, ma'aikata na zaune ana biyansu, dankali kuma ba ya jiran kowa.

Akwai wani karo da ya fi wannan haɗari, wanda ba a cikin ɗaki yake ba. A dallol, kusancin ruwa da ke rayar da garaka shi ne kuma ke sa ƙazanta saurin kai wa rijiya. Ƙa'idar da masu aikin tsabta ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, gindin ramin kuma ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da ruwan ƙasa. A ginin lakkol ko likita, sau da yawa wanda ya haƙa rijiya daban, wanda ya gina masai daban, kowa da kwangilarsa, kowa da shekararsa, kowa da mai ba shi kuɗi. Babu tiyon da ya taɓa wani, babu bangon da aka fasa, amma yara ne ke biyan kuɗin da cikinsu. Maket da aka sa wa fili gaba ɗaya, da rijiya, da rami, da zurfin ruwa a ƙarshen damina, tana nuna wannan cikin minti guda, in an gaya mata tazarar da ake so.

Kada kuma a ɗauka mallakar kwamfuta kaɗai ta isa. Jamus ba ta rasa injiniyoyi ba, amma filin jirgin saman Barlin da aka soma a 2006, aka shirya buɗewa a 2011, bai buɗe ba sai ranar 31 ga Oktoban 2020. Babban abin da ya tsai da shi tsarin kariya daga gobara ne, musamman na zuƙe hayaƙi, tare da wayoyin da aka cunkusa ba bisa tsari ba, bayan an yi ta canza zane ana cikin gini. Kuɗin ya tashi daga wajen yuro biliyan 2 zuwa sama da biliyan 6. Labarin jirgin Airbus A380 ma abin lura ne, ko da yake ba gini ba ne. Injiniyoyin Hambag da na Tuluz suna aiki da manhaja guda, CATIA, amma na Jamus da tsohon zubi, na Faransa da sabo. Da aka zo haɗa sassan jirgin, mai ɗauke da wayoyi wajen kilomita 500, sai aka tarar wasu ba su kai ba. Abin ya fito fili a 2006, jirgin farko bai isa hannun mai saye ba sai Oktoban 2007, bayan jinkirin kusan shekara biyu. Wannan tarko yana nan a Revit har yau: fayil ɗin da aka adana da sabon zubi ba ya buɗuwa a tsoho. Biro uku da za su yi aiki tare sai su yarda da zubi guda tun kafin a ja layin farko.

Wahalhalun da ke gabanmu ba ɓoyayyu ba ne. Tun 2016 Autodesk ta daina sayar da manhajojinta sayarwar dindindin, haya ake yi, kuma hayar Revit ga mutum guda ta haura sefa miliyan 1 a shekara, ban da kwamfuta mai ƙarfi. Aiki bisa maket guda a lokaci guda yana son intanet da wuta marasa yankewa, mu kuwa ba mu manta da watannin da Nijeriya ta yanke mana wuta ba, daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Saboda haka ba na cikin masu cewa a kwaikwayi Ingila a tilasta wa kowa. Wanda zai gina shago biyu da zaure a kasuwar Filinge ba ya buƙatar manhajar miliyan. Ya isa ya tara magini, mai pampo da mai lantarki rana guda kafin a haƙa tushe, a shimfiɗa zanen kowa bisa na ɗan'uwansa a takarda mai shara-shara kamar yadda tsofaffin biro ke yi, a yi gardamar da za a yi a gama. Shayin wannan zama ya fi buhun siminti araha. Amma ga likita mai ɗakin tiyata, ga ma'ajiyar sanyi, ga kowane bene na hukuma, uzurin tsada ba ya karɓuwa. Akwai tsarin fayil na kowa da kowa mai suna IFC, wanda ƙungiyar buildingSMART ke kula da shi, ya zama ƙa'idar ISO 16739 a 2013. Da shi kowane biro zai yi aiki da manhajar da yake iyawa, a riƙa musayar fayil mako-mako ko da a ɗan makullin USB ne, a haɗa a duba. Manhajojin duba irin wannan fayil akwai na kyauta, har da na zane kamar FreeCAD. Matasan da ke fitowa daga EMIG ta Yamai, da EAMAU ta Lome, da 2iE ta Wagadugu ba baƙin kwamfuta ba ne. Abin da ya rage shi ne mai ba da aiki ya nema, ya kuma yarda ya biya.

Nan ne maganar ta dawo kan ma'aikacin da ke rubuta takardun kwangila. A al'adarmu kuɗin nazari shi ake fara yankewa in kasafi ya matse, a ba masu zane ƴan makonni, sannan a raba aikin kashi-kashi, gini ga wane, lantarki ga wane, pampo ga wane, ba tare da an ambaci wanda zai haɗa su ba. Layi uku cikin takardar sun isa su canza wannan. Na farko, a ambaci mutum guda da sunan muƙaminsa wanda nauyin daidaita zane-zanen ke wuyansa, a ware masa ladansa. Na biyu, kada a ba da izinin zuba kankare sai an kawo zane guda da ya tara dukkan jijiyoyi, da sa hannun kowane injiniya, da jerin ramukan da za a bari. Na ukun shi aka fi mantawa: ranar karɓar gini ta wucin gadi, ɗan kwangila ya miƙa zanen abin da aka gina da gaske, ba wanda aka yi niyya ba, a takarda da kuma fayil na IFC, kafin a sake masa ragowar kuɗinsa. Kwafi guda ya zauna a ma'aikata, guda a ofishin magajin gari, guda a hannun mai kula da ginin. Ma'aikaci ana canza masa wurin aiki, ɗan kwangila yana komawa Yamai, kuma bayan shekara goma, ranar da ruwa ya fara tsattsafowa daga bangon ɗakin haihuwa, mai pampon garin da aka kira zai buɗe zanen ya ga tiyon yana santimita 40 daga ƙofa, ya fasa wuri guda.